Kunnen hagu na Malam Sale

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ɗansa ya kira ni daga Gwaram, Malam Sale ya rasu.

Tare muka fara koyarwa a firamare, zamanin da kuɗin mai ya shigo aka ƙara wa ma'aikata albashi. Shi ya riga ni sayen babur. Duk Juma'a sai ya goya ni zuwa Birnin Kudu in gaida Innata, ya zauna a zaure har in gama surutuna.

Sai ya fara ƙin amsa gaisuwa. Ran nan a kasuwa na yi masa sallama har sau uku a gaban jama'a, ko waiwayowa bai yi ba. Kun san nauyin wannan a wurinmu. Na ji zafi, na ce babur ya kumbura masa kai. Ni na laƙaba masa "Gwamna", sunan kuwa ya bi shi. Dattawa suka daina kiransa ɗaurin aure, wai ɗan boko ya fi ƙarfin gaisuwa.

Ashe ƙari ne yake girma a hankali a jijiyar kunnensa na hagu, shi ko shekara talatin bai kai ba. Ba ciwon daji ba ne, in ji likitoci a Kano, amma yana danne ji. Ya sha gaya mini kunnen na yi masa ƙara, ga jiri, ni kuma in ce ya ɗiga man shanu. Kafin a gane an makara. Aka yi masa aiki, kunnen ya mutu, baki ya karkace.

Bai taɓa tambayar wanda ya fara sunan ba.

Bara na je takanas don in nemi gafararsa. Ya jawo ni damansa yana dariya: "Dawo nan, Malam Audu, wancan kunnen ya daɗe da yin ritaya." Muka yi hira har la'asar, ban kawo maganar ba.

Da ya rako ni bakin titi, na koma hagunsa na ce a hankali, "Sale, ni ne. Ka yafe mini." Na san sarai ba zai ji ba, shi ya sa na zaɓi wajen.

Ya ce, "Ka gaida gida."

Allah ya jiƙanka Sale, ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara. Duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa ya yafe mini.