Yadda Na'ura Ta So Kai Jikata Onica

Ina cikin takaba aka yi abin nan, kwana arba'in da rasuwar maigida, Allah ya jiƙansa. Har yau in na ambace shi sai na share ido, to a yi mini haƙuri.

A Uwani muke zaune, cikin Inugu, ni da jikata mai karatun jinya. Duk gidan ita kaɗai ta rage mini. Lokacin tura su asibiti koyon aiki ya zo, wata uku cur. Yanzu ba malamai ke raba su ba, na'ura ce take duba adireshin kowace ɗaliba ta ba ta asibitin da ke kusa.

Da hantsi saƙo ya shigo wayarta. Ta duba, ta zauna a bakin gado.

"Kaka, Onica aka tura ni."

Na fashe da kuka. Mai takaba ba ta fita, wa zai zauna da ni? Da ta bincika sai ga dalili. Ranar da kakanta ya kai ta makaranta, adireshin shagonsa na kasuwar Onica ya bayar. Haka ɗan kasuwa yake yi, ko takardar haihuwar 'ya'yanmu adireshin shagon ke jiki.

Na ce, "Ɗauki goro da turaren nan ki kai wa madam ɗinku, shugabar makaranta, ki durƙusa, ki ce ina gaisuwa."

Yarinya ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Tsohuwa, na'ura ba ta cin goro!"

"To ita ba ta da uwar ɗaki?"

"Akwai wurin neman gyara, amma jibi za a rufe. Shaidar gida suke so."

Ta hau okada zuwa wurin mai unguwarmu, ya rubuta takarda cewa a Uwani take kwana. Ta ɗauki hoton takardar da na lambar ƙofa. Sai saƙo ya ƙi tafiya. Ta zaga tsakar gida tana neman sabis, ta hau kan durom ɗin ruwa, hannu sama, ni kuwa ina riƙe da ƙafarta ina salati, tana cewa, "Kaka, cakulkuli kike mini!" Rabona da dariya tun ranar jana'iza. Na yi ta har haƙarƙarina ya yi ciwo. Daga ƙarshe saƙon ya tafi.

Ranar Laraba ina tankaɗe ta fito da gudu, ɗankwali a hannu.

"An canza! Asibitin bayan kasuwar unguwarmu, da ƙafa ma zan je!"

Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. Ni, mai takaba! Na miƙe da rariya a hannu ina juyi, gari yana zuba a kaina. Maƙwabciyarmu 'yar Ibo ta shigo a firgice, ta zaci wata rasuwar ce. Da ta ji labari sai ta kama kafaɗata muka yi ta tsalle, mu uku.

Bayan la'asar na tambayi jikata, "Shagon fa, an goge shi daga na'urar?"

Ta ce an goge. Na yi kukana na ƙoshi, ta bar ni na yi.

Ranar Litinin ta sa fararen kayanta ta fita. Kafin magariba ta dawo tana warin magani, ta ajiye jaka ta ce, "Miƙo hannu in gwada jininki, tsohuwa mai guɗa."