Shekarar da Baba Ya Dasa Rogo

Wata Alhamis ce bayan la'asar, a kakar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, ina kan soron Baba ina juya barkonon da Inna ta shanya. Maganar gaskiya barkonon ya daɗe da bushewa, abin da ya hau da ni daban ne. Daga can sama ana hango gonarmu ta bayan gida tar. An girbe dawa, an kwashe kara, an tuge tushiya, an kakkafa sandunan darbejiya a matsayin raga. Samarin ƙauyenmu da ke gefen Getso ne za su kara a wasan ƙwallo da na wani ƙauye daga wajen Kabo. Babu ganga, babu 'yan mata masu tallan gyaɗa. Sai dattawan kwamitin unguwa da suka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, shugabansu Malam Hudu a tsakiya, yana jan carbi yana bin kowa da ido.

Filin nan aro ne. Duk shekara in an gama girbi Baba yakan bar wa samari gonar su yi ƙwallo har faɗuwar ruwa, su kuma su taya shi sharar gona. Ba su da wani wurin, don zaizaya ta cinye rabin filin firamare. To a shekarar nan komai ya canza. An tashi dandali, makaɗin garinmu ya rataye kalangunsa ya koma sayar da rake, kullum kuma sai wani ya dawo daga birni da labarin bulala, ba wanda ya san gaskiyarsa. 'Yan kwamiti suka yi ta sintiri a zaurenmu, wai Baba ya karɓe gonarsa. Shi Baba bai san kan ƙwallo ba ko kaɗan, amma ya ce gara ya ga yaran a bayan gidansa da ya ji suna tasha. Alkawari ɗaya ya yi wa dattawan, a kunnena, ina tsakar gida ina tankaɗe: "In har aka ji sunan 'yar wani a filin nan, na karɓe abina."

Sai ga ni, 'yarsa ta cikinsa, na ƙyalla ido a kan mai tsaron raga. Sabi'u sunansa, dogo, siriri, ga baki ga son a sani. Ajinmu ɗaya, kuma shi ke tsare wa kawunsa injin niƙa. Bai taɓa zuwa zance ba, wa ya isa? Iyakarmu in na kai niƙa ya tsallake kwanukan mutane ya fara zuba nawa, ni kuma in yi kamar ban lura ba. Lokacin abubuwa sun yi tsanani, ba takalmin wasa, balle safar hannu. Ƙwallon ma baduku ya ɗinke ta har ɗinkin ya koma kamar kaifin wuƙa, ita ce ta tsaga masa yatsa. Da na ga yana tura gero da hannu mai jini sai tausayi ya kama ni, na kawo masa ƙyalle, na ma shafa wa ƙyallen ɗan turaren Inna. Wautata ke nan. A sallar da ta wuce Baba bai iya yi wa kowa nasa ɗinki ba, sai ya sayo turmi ɗaya na atamfa, kore mai zanen fitila, aka raba wa Inna da ni da ƙanwata. Ragowar da tela ya dawo da ita na ɗauko. Na ce masa, "Ka ɗaure yatsan, ka rufe da tsumma, kada kowa ya gani." Ya ce, "Ko aljani ba zai gani ba."

Ana dab da tashi aka ba baƙi bugun fanareti. Fili ya yi tsit. Ɗan Kabo ya ɗaɗa ta da ƙarfi, Sabi'u ya yi tsalle ya cafke, ihu ya kaure. Da ya tsaya a nan da shi ke nan. Amma kansa ya riga ya fasu. Ina kallo ya fizge tsumman, ya warware ƙyallen, ya ɗaga shi sama yana kaɗawa yana fuskantar soronmu. A daidai lokacin Inna ta ɓullo ta gefen gona, ta dawo daga barka, ɗaure da zanen nan kore. Ihun ya riƙa mutuwa daga wannan gefe zuwa wancan. Malam Hudu ya daina jan carbi. Ya dubi ƙyallen, ya dubi Inna, sannan a hankali ya ɗago kai zuwa sama. Na kwanta rub da ciki a kan barkono, idona na raɗaɗi, na kasa ko tari.

Na jira duka, duka bai zo ba. Baba bai ce mini uffan ba. Inna ta ninke zanenta na salla, shi kaɗai ne sabo a wurinta, ta jefa ƙasan adaka, ba ta ƙara ɗaurawa ba. Wannan ya fi bulala yi mini ciwo. Sabi'u da kawunsa suka zo suka durƙusa a zaure, Baba ya amsa gaisuwa har da tambayar iyali da dabbobi, ya ce, "Allah ya shirya mana ku," ya sallame su. Samari suka ci gaba da wasansu duk ranin, suna cewa magana ta wuce. Ni da na san shirun Baba, na san maganar ba ta wuce ba.

Da ruwa ya sauka, maimakon irin dawa sai ga jakuna ɗauke da itacen rogo. Duk ɗan manomi ya gane. Dawa ana girbe ta a bar fili, rogo kuwa yana zaune a gona rani da damina, kewaye da shingen ƙaya. Ba wanda ya kira Sabi'u, amma da sassafe ya zo da fartanyarsa ya shiga gonar ya kama dashen rogon, abokansa na tsaye daga nesa ba mai yi masa magana. A daidai inda ragarsa take Baba ya tsaya a kansa ya ce, "Karkata shi, yaro, ba a dasa shi a tsaye." Daga ranar ban ƙara jin Sabi'u ya cika baki ba, ni kuma na koma kai niƙa wani injin.

Yanzu in na je gida ina ganin yara suna buga ƙwallo a kan titi, suna kauce wa babura, in mota ta taho su kwashe duwatsun ragarsu su tsaya. Ina kewar ihun nan na bayan gidanmu ƙwarai. Tun daga shekarar ba wanda ya sake ba da aron gona a garinmu. Mu biyu muka yi wautar, amma yaran da ba su ma san mu ba ne suka rasa fili.