Ƙarar Da Na Kai Kan Samarin Bakin Lungu

Lungunmu baki ɗaya gare shi. Faɗinsa kuwa, in mai kurar ruwa ya shigo sai ka manne da bango ka riƙe numfashi. To a wannan bakin ne samarin unguwa suka kafa majalisa, su wajen takwas, daga la'asar zuwa magariba. Benci biyu, ƙafafu a mimmiƙe sun tare hanya, ga hayaƙin sigari, ga musun ƙwallo har da ashar.

Da farko abin bai dame ni ba, don a lokacin ina kasuwar Ƙofar Wambai ina dukancina. Uwargidana abin ya dama. Bayan mun aurar da autarmu ta shiga Islamiyyar matan aure, da furfurarta da jikokinta. Ni da na tsere daga firamare a aji uku, allon ma ban yi nisa ba, amma shekara arba'in tana kirana Malam, har dariya na yi mata ranar da ta fara zuwa. Dariyar ba ta yi nisa ba, don ta fara gyara mini karatun salla.

Wata rana na dawo da wuri na tarar da jakar littattafanta a rataye, ita kuma tana tsintar shinkafa.

"Yau babu karatu ne?"

"Na bari, Malam."

"Kin bari kamar yaya? Saura izu shida fa ki sauke!"

"Ba zan iya tsallake ƙafafun 'ya'yan cikina kullum ba. Jiya sau uku na yi sallama kafin wani ya janye ƙafa, yana feso mini hayaƙi. Mu huɗu ne daga lungun nan, biyu sun riga ni bari."

Washegari na zumbula babbar riga na nufi zauren mai unguwa. Sa'ana ne, tare muka yi ƙiriniya, amma tunda aka naɗa masa rawani sai na tuɓe takalmi na durƙusa kamar kowa.

"Ranka ya daɗe, a kira hukuma. A zo da mota a kwashe su, a aske musu wannan tulin gashin!"

Ya bar ni na zazzage cikina yana jan carbi. Sannan ya ce, "Su waye?"

"'Yan zaman banza mana."

"Na ji. 'Ya'yan wa?"

Na fara jerowa. Jikan ladan. Ɗan mai shayi. 'Yan biyun marigayi maƙwabcina. Ɗan ƙanwar uwargidan tawa. Ina faɗa muryata na yin ƙasa.

"To wanne za a fara jefawa a motar?"

Na tsaya kallon tabarma.

Ya ce, "Je ka ce wa Hajiyarka ta shirya makaranta yau, ita da sauran. Kai kuma mu haɗu bayan la'asar."

Na zaci zan gan shi da 'yan sanda. Daga shi sai sandarsa. Muka taka har bakin lungu, ya yi sallama, ya ce, "Samari, a ɗan matsa wa tsofaffi." Ya zauna daram a tsakiyar bencin, ya jawo ni gefensa. Yaran suka zube suna gaisuwa, kowa na neman hanyar sulalewa.

"A'a, ku zauna. Hira muka zo."

Ɗan mai shayi ya dunƙule sigarinsa a tafin hannu ya kai baya. Mai unguwa ya gani sarai, sai ya kama shi da gaisuwa. Ina gajiya, ya babanka, ya kasuwa, ya kakarka da ciwon ƙafa, an samu maganin kuwa? Yaro na amsawa idonsa na kawo ruwa, har wutar ta cim masa ya yar yana yarfe hannu. Mai unguwa ya ce, "Sannu, kunama ce?"

Ina cikin jin daɗi sai ya juyo kaina.

"Kun san wanda ya fara zama a wannan kwanar? Ga shi nan. Fito yake da yatsu biyu har Goron Dutse ana ji. A nan ya hango Hajiyar da kuke tare wa hanya, tana budurwa, ya bi ta yana waige, ya afka kwata."

Suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙara na kawo, ba tarihi ba."

Ya dubi yaran ya ce, "Amma zan shaide shi da abu ɗaya. Bai taɓa barin uwar wani ta tsallake ƙafarsa ba."

Ni kaina ban tabbata haka aka yi ba, amma na gyara zama na yi gyaran murya.

Can sai ga matan sun ɓullo, su huɗu, uwargidana a gaba rungume da jaka. Mai unguwa, da rawaninsa da ciwon gwiwarsa, ya dafa sanda ya miƙe, ya manne da bango, ya sunkuyar da kai. "Malamai, a yi karatu lafiya. A sa mu a addu'a."

Ban taɓa ganin an janye benci da sauri irin na ranar ba. Yara takwas a tsaye jikin bango kamar masu jiran sahu, ni ma ina ciki.

Na ɗauka an gama. Ashe an fara. Kwana tara muna zuwa. Yaran suka koma fitowa tun azahar don su guje mana, suka tarar ya riga su. Bai zagi kowa ba, bai kira uban kowa ba. Zama kawai, da tashi in mace ta taho. Bayana ya ƙage, na kuma san sunayen 'yan ƙwallon da ba su san da zamana ba.

A rana ta tara jikan ladan ya durƙusa ya ce, "Baba, da za a ba mu izini, da mun mayar da bencin ƙarƙashin darbejiyar bayan masallaci. Nan ya yi wa mata ƙunci."

Mai unguwa ya jinjina kai. "Kai, wannan shawara ce! Ban yi tunaninta ba." Alhali ni na san tun ranar farko ya sa aka share wurin aka kwashe bola.

Uwargidana ta sauke kafin azumi, ita da ɗaya daga cikin waɗanda suka bari. Ranar walima samarin nan ne suka jera kujeru tun daga bakin lungu, suka bar hanya a tsakiya.

Yanzu in na taso kasuwa nakan ɗan ratsa ta darbejiya, don kawai in duba tarbiyyarsu. Rannan na shiga gida dab da magariba, ta ɗago kai daga littafinta.

"Malam, an ce jiya muryarka ta fi ta kowa a musun ƙwallo. In ba ka bari ba, ni ma na san hanyar zauren mai unguwa."