Yunwa a tsakiyar abinci

Shekarun baya mahaifiyata ta zo wurinmu ƙasar waje don a duba mata ido. Da aka gama, maigidana ya ce sai ya faranta wa surukarsa, ya kama mana ɗakuna a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Matar da iyakarta kwalekwale daga Zagga zuwa kasuwannin bakin iyakar Benin, sai ga ta cikin jirgi kamar unguwa guda tana tafiya a kan teku.

Ni abincin ne ya ɗauke min hankali. Zaure ne makeke, an jera tukwane ba iyaka: shinkafa kala-kala, kifi, naman halal a gefensa daban, 'ya'yan itacen da ban san sunansu ba. Kowa ya ɗauki faranti ya ɗebi son ransa. Na zama kamar akuyar da ta ɓalle ta shiga gonar wake.

Duk zaman da muka yi a tebur, ga maigidana a gabanta, in na ce, "Inna, mu je ki zaɓa," sai ta ce, "Ni ƙoshi, ɗiyata." Na ɗauka iskar teku ce ke tayar mata da zuciya, kuma na zaci tana taɓa biskit ɗin da ke ɗakinta.

Ana haka wata rana da azahar ta miƙe za ta yi alwala, ta yanke jiki ta faɗi. Likitan jirgin ya duba ta, ya ce ba wata cuta, yunwa ce. Yunwa! Kwana da kwanaki ruwan shayi kawai take sha.

Da ta farfaɗo na ce, "Inna, don Allah me ya sa?"

Ta ce, "Ke, ni da girmana in ɗauki akushi in bi layi ina ɗiba da hannuna? Kuma in buɗe baki in ci gaban surukina? Mu Zagga haka munka tashi?"

"To ai da kin faɗa min."

"Baƙo na roƙon abinci? Ina ta jira ki kawo man."

Na je na zubo shinkafa da kifi, na rufe da wani faranti, na ajiye mata a ɗaki, na ja ƙofa na fita. Da na dawo ko ƙwara ba ta rage ba.

Ni da na girma ina kai wa baƙin gidanmu kwano a rufe, ban san zama a waje ya canza ni haka ba. Inna ta rasu bara. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo.