Hauya a Jikin Rumbun Tsimi

Shekarar da gero ya gagara saye a kasuwar Dutsin-Ma, ni na tona gidan tururuwa. Da asuba nake sulalewa bayan garinmu, kusa da Kurfi, in haƙa ramin, in kwaso hatsin da suka tara in yi wa yarana kunu. Maigidana kaɗai ya sani. Babana bai taɓa rasa dami a rumbu ba, ga ni ina ƙwace abincin ƙwari. Kunyar ta fi yunwar ci na.

Bayan damina biyu masu albarka, mai gari ya sa a gina rumbun tsimi a bakin hanya, kowa ya zuba dami saboda gaba. Maigidana magini ne, shi aka ba aikin, aka ce ya yi wa jikin rumbun adon da zai tuna wa na baya wahalar da aka sha. Sai bawan Allahn nan ya ɗauki laka ya fitar da siffar hauya, ƙarƙashinta rami, da ɗigo-ɗigon ƙwayar hatsi.

Da ya gaya mini, na ce, "Malam, tona mini asiri za ka yi a bakin hanya? Duk wanda ya gani ya san matar magini ce!" Ya ce ai bai sa sunan kowa ba. Kwana uku tuwonsa ba man shanu.

Ranar zuba dami na lulluɓe har ido, na raɓe bayan mata. Wata tsohuwa, yayar mai gari, ta daɗe tana kallon zanen.

"Ramin bakin fadama ne wannan," in ji ta. "Ni na tone shi."

"A'a, Inna, na riga ki," in ji matar mahauci.

Sai dariya, sai hawaye. Ashe duk asubar nan ɓuya muke wa juna, kowace da ɗan ƙoƙonta cikin zane. Wallahi har haushi na ji, wahalar laɓe-laɓen da na sha a banza.

Na yaye lulluɓi, na ɗaga murya yadda har maza za su ji.

"Malam, aikinka da saura. Ina faifai? Da mi kake zaton na sheƙe ƙasar?"

Ya dube ni, ya dubi jama'a, ya ce a miƙo masa laka.