Gurmin Kawu a Cikin Jan Ruwa

Jiya da dare na yi wani mafarki da har yanzu jikina bai daina sanyi ba. Jama'a, ku taya ni dubawa. Amma bari in fara gaya muku abin da ke ƙasa, kada wani ya ce tuwo ne ya yi mini yawa.

Wata huɗu ke nan ina koyon haɗa sauti a ɗakina, da kwamfuta da makirufo ɗaya tal. Waƙar da nake fama da ita mutum uku ne a ciki. Abokina Nura ya rera, Bala ya buga kalangu, sai Kawu Isa, ƙanen mahaifiyata, ya kaɗa gurmi. Mako biyu bayan mun ɗauka Kawu ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya tafi. Wato abin da ke cikin kwamfutata shi ne kiɗansa na ƙarshe, kuma na yi masa alkawarin ranar Juma'a zan kai masa ya ji kansa.

Matsalata ɗaya, ban iya cewa a'a ba. Kowane layin sauti yana da 'yar sandarsa da ake turawa sama ko ƙasa, ni kuwa sama kawai na sani. Nura ya zo ya ce, "Mutumina, ɗan ɗaga muryata mana." Na ɗaga. Bala ya ce kalangu ya yi sanyi, na ɗaga. Nura ya dawo wai kalangu ya danne shi, na ƙara masa. Mitar ƙarfin sauti da ke gefe ta bar kore ta koma ja, ni ko a jikina. Kawu ne kaɗai bai aiko a ɗaga shi ba.

To a mafarkin ina cikin ɗakina, amma babu rufi, bangon ya yi tsawo kamar cikin rijiya. Sandunan nan sun girma sun kai taɓarya, suna jere a jikin bango. Kawu na zaune a tabarma tsakiyar ɗaki, hannunsa lafiya lau, yana kaɗa gurmi. Ina ganin yatsunsa na motsi, amma ba na jin komai.

Sai kawai muryar Nura ta sauko daga can sama, ba na ganin fuskarsa. "Ɗaga ni." Na sa kafaɗa na tura sandarsa. Ruwa ya fara ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ledar ɗaki, kore shar, ga sanyi. Shi Bala ma bai buɗe baki ba, kalangun ne ya yi maganar, kuma na gane abin da ya ce. Na tura tasa. Ruwan ya koma launin ɗorawa, ya shanye tabarma, ya kai ƙugun Kawu. Ko ƙasa bai duba ba.

Sai kawai na ga bakin rijiyar ya cika da kawunan mutane. Ga mai shayin layinmu, ga malamin da ya koya mana lissafi a firamare wanda ya rasu tuntuni, ga wata mata mai goyo da ban taɓa gani ba. Kowa yana da sandarsa a bangon, kowa na cewa a ɗaga shi. Ni kuma, sarkin biyayya, ina ta gudu cikin ruwa ina turawa. Hayaniyar ta zama kamar tasha ranar jajibiri, ruwan kuma ya rine ja wur.

Na ce bari in ɗaga Kawu shi ma. Da na je kan sandarsa sai na tarar tana can ƙarshen sama, ba ta da sauran wurin zuwa. Na tura da duk ƙarfina, abin da ya fito kawai wani sauti ne kamar ana suya.

Wata murya da ba ta mace ba, ba ta namiji ba, ta ce daga bayana, "Ba ɗagawa ake yi ba. Wa za ka rage?"

Na kama sandar Nura zan ja ƙasa. Sai ga fuskarsa dab da tawa, yana murmushi. Wallahi kunya ta kama ni. A cikin mafarki fa, Kawu na nutsewa, ni ina jin kunyar aboki. Na saki sandar. Wannan wurin ya fi komai ƙona mini rai.

Ruwa ya kai haɓar Kawu. Na ce, "Kawu, ka tashi mana!" Ya dai ɗaga gurmin sama da kansa kamar mai ƙetare kogi da kaya, ya ci gaba da kaɗawa.

Sai kawai komai ya ɗauke ɗif, kamar na danna maɓallin da ke barin layi ɗaya shi kaɗai. A nan na ji gurmin, siriri, tas, har da numfashinsa da na kwana biyu ina neman yadda zan goge. Ya juyo ya dube ni, ruwa na taɓa leɓensa, ya ce, "Habu, ni ne wannan?"

Na buɗe baki zan ce i, ruwa ya cika shi. Na daina ganin Kawu, sai hannun da gurmin. Daga baya su ma babu.

Na farka ana kiran sallar asuba, zufa ta jiƙa filo. Ashe da iyafis, abin jin sautin nan, a kunne na kwanta, kwamfuta a kunne, mita a tsaye cikin ja. Na yi addu'a, na tofa a hagu sau uku, sannan na jawo waya in duba lokaci.

Akwai saƙon murya daga Anti Ladi, matar Kawu. Ita ba ta tura saƙon murya, kira take yi. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Abin da wata huɗun nan suka koya mini shi ne kallon zanen sauti, kuma zanen wannan saƙon a kwance yake tun daga farko, alamar shiru, sai can ƙarshe ya ɗan yi tudu ɗaya da bai wuce kalma guda ba.

Ban buɗe ba. Tsoro nake ji, ba zan yi muku ƙarya ba. Juma'a gobe ce.

Masu sani, don Allah, jan ruwa da ya rufe mai rai a mafarki me yake nufi? Gargaɗi ne aka yi mini in sauke sandunan nan tun da sauran lokaci, ko kuwa labari ne aka riga aka ba ni?