Jar Fitilar Saudatu

Har gobe ina tuna ranar da Saudatu ta kare aikinta na digiri na biyu a gaban mai jarrabawa. A shekarar ce aka ƙara mini girma na zama babban ma'aikacin ɗakin gwaji a makarantarmu da ke Katsina. An riga an yi mata alkawarin aikin koyarwa, amma sai in ta ci. In ta faɗi, wani za a ba.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, kwamfuta sifili da ɗaya kawai ta sani, kuma babu lissafin da ke cinye mata lokaci kamar rabawa. A tsohuwar hanya ɗebewa take yi, in ta ɗebe fiye da kima sai ta mayar ta sake. Da'irar lantarkin da Saudatu ta haɗa ba ta mayarwa. In ta zarce sai ta wuce abinta, ta cike giɓin a mataki na gaba. Nan saurin yake.

Ƙa'idarmu, ɗalibi ba ya taɓa na'ura ranar jarrabawa. Ni ke danna maɓalli, mataki bayan mataki, don kowa ya gani. Mai jarrabawar wani dattijon farfesa ne daga wata jami'a, gwanin lissafi, amma da gani shi da wayoyin lantarki ba su saba ba. Ya ba da lamba, na fara dannawa. Can sai jar fitila ta kama, alamar ragowar ta faɗa ƙasa da sifili.

"Tsaya nan, Malam Lawal, ta kuskure," in ji shi, har ya ɗauki biro.

Saudatu ta sunkuyar da kai. 'Yar Katsina ba ta duban sa'an mahaifinta ta ce bai gane ba. Ni kuwa raina ya ɓaci, yatsana na ƙaiƙayi, amma ba ni da bakin magana a wurin.

Sai ta ɗago a hankali. "Allah shi gafarta Malam, in mai awo ya zuba gero ya zarce, juyewa yakan yi shi sake?"

Farfesa ya ce a'a, ragewa yake a tiya ta gaba.

"To, a yi wa Malam Lawal izini shi ƙara dannawa sau guda."

Dattijon nan ya ture hannuna ya danna da kansa. Fitila ta mutu. Ya yi ta dannawa har amsa ta fito daidai, ya kwashe da dariya. Daga nan ya hana ni maɓallina, yana ta laluben lambar da za ta kayar da na'urar, har aka kira azahar. Bai samu ba, ya sa hannu. Daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Abin da na koya, a sana'armu ba a yanke wa aiki hukunci yana tsakiyar tafiya, kuma ladabi ba ya hana mutum kare abin da ya sani. Saudatu yanzu ita ce shugabar sashenmu. In zan nemi hutu, ni ma sai na fara da labarin mai awo.